Ƙararrawa Tara a Hanyar Assakio

Shekara biyar ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Isiyaku mai gyaran agogo, wanda mutanen kasuwar Lafia suka fi sani da kekensa fiye da shagonsa. Ina da shekara goma sha biyu a lokacin, yanzu kuwa ina ajin ƙarshe a sakandare. Ni ba mai yawan magana ba ce. Ko a aji sai malami ya kira sunana sau biyu nake ɗaga kai. Shi ya sa abin da na kasa faɗa da baki cikin shekarun nan na ga gara in rubuta shi.

Abin da aka gaya mana ranar gajere ne. An ce Baba ya faɗi daga kan keke a hanyar Assakio, kusa da wata ƙaramar gada, ranar wata Asabar da sassafe a ƙarshen damina. An ce yana cikin abokan hawansa, kuma nan take suka tare mota suka kai shi asibiti, inda ya cika kafin azahar. Mama ta karɓi maganar nan hannu bibbiyu. Duk wadda ta shigo gaisuwa sai ta ce mata, "Alhamdu lillahi, bai faɗi shi kaɗai ba, yana cikin mutanensa." Ni kuwa tun ranar ban yarda ba. Shekara biyar ina ɗauke da tambaya guda: da gaske suna tare da shi lokacin da ya faɗi? In ba sa tare da shi, me suke ɓoye mana?

Bari in fara da yadda na san shi. Baba bai taɓa sayen babur ba, kuma ba don ya rasa hali ba. Cewa yake keke ne kaɗai abin hawan da ke barin mutum ya amsa gaisuwa har ƙarshenta. Kullum da safe yakan ɗaure wani ɗan matashin zama a kan kariyar keken, ya ɗora ni, ya cusa ƙafar wandonsa ta dama cikin safa don kada kaca ta kama, mu kama hanyar makaranta. Sunana Hajara, amma "Uwata" yake ce mini, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Uwata, buɗe ƙafa, kada waya ta ci miki dunduniya." Daga bayansa na koyi kallon gari. Na san wace mai waina ce ke riga kowa hura wuta, na san mai shagon da ke share ƙofarsa ya tura sharar gaban ta maƙwabcinsa. Shi ma haka yake, komai ƙanƙantar abu ba ya wuce masa. Yakan kara agogo a kunne ya faɗi abin da ke damunsa tun bai buɗe bayan ba.

Yau keke-napep nake shiga. Sai in yi tsaye a bakin titi har ƙafata ta gaji, wanda ya tsaya ya ce ba can ya nufa ba, na biyu ya cika, na uku ya ce in shigo alhali mutum huɗu ne a baya da buhun doya a kan ƙafafunsu. "Ku matsa mata mana," in ji direban, ba tare da ya ko juyo ya ga inda za a matsa ba. A shataletale kowa ya cusa hanci a lokaci guda, 'yan acaɓa na kutsawa ta tsakanin motoci suna goge wa mutane gwiwa, tifofin yashi na danna hon kamar sun sayi titin. In na isa makaranta an rufe ƙofa, sai a sa mu tsintar leda a fili. A bayan Baba ban taɓa makara ba, ko sau ɗaya.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga garin yanzu. Akwai masu yi masa ba'a a da, suna cewa, "Malam, har yanzu ba a yi wa tsohon nan ritaya ba?" Tun da mai ya yi tsada, biyu daga cikinsu sun zo har gida suna tambayar Mama ko za ta sayar da keken. Na san Baba ba zai rama ba'ar ba. Zai tambaye su ko sun iya ɗaure birki, in sun ce a'a ya tsuguna ya koya musu.

Ranar Asabar ce ranarsa. Su tara ne suke haɗuwa bayan sallar asuba a gindin wani mangwaro a bakin gari, su jera ɗaya bayan ɗaya su kama hanyar Assakio tun motoci ba su yi yawa ba. A gaba akwai Alhaji Sabo mai shagon atamfa, wanda nake kira Baba Sabo. Na takwas shi ne Baba Luka, wani dattijo ɗan Eggon da ya yi ritaya daga aikin gwamnati. Na tara, a ƙarshen layi, Babana ne, domin shi ke da famfo da kayan faci, kuma shi ke da haƙurin jiran wanda ya gaji. Iyakarsu wani ƙauye ne kafin Assakio, inda Maman Talatu ke suyar ƙosai. Su ci, su huta, su juyo. Bai taɓa dawowa babu nawa ƙullin ƙosan ba.

Hanyar ba ta da faɗi, kuma wanda ya juya kai a kan keke yakan karkace ba tare da ya sani ba. Wani daga cikinsu ya taɓa faɗawa rami saboda haka. Sai Baba ya kawo tsari: kada kowa ya juya. Ya sayo musu ƙararrawa iri ɗaya, ya ɗaura wa kowa da hannunsa. A wurare uku a hanya, na farko da zarar an haye gadar, Baba Sabo zai buga tasa sau ɗaya, na bayansa ya amsa, na bayan wannan ya amsa, har ta kai ga Baba. Baba Sabo yana ƙirgawa da kunne. In ya ji tara, kowa na nan, sai a ci gaba. Babana ya taɓa ɗaukata a kariya lokacin hutu, na ji yadda ƙarar ke tahowa daga gaba, tana matsowa, tana matsowa, har ta ƙare a ƙarƙashin babban yatsan Babana. Ban taɓa jin abin da ya ba ni natsuwa kamar wannan ba.

To, ga abubuwan da na gani.

A asibiti, tsawona bai wuce aljihun manya ba. Baba Luka na tsaye a gabana, ya ba ni baya, sanye da irin rigar hawan nan mai aljihu a ƙugu. A cikin aljihun akwai takarda da mai ya jiƙa. Tsohuwar takardar jarrabawa ce, an murɗe kusurwarta an ƙulle yaji a ciki. Mutum ɗaya na sani da ke ƙulli haka, Maman Talatu. Rumfarta kuwa tana gaba da gadar da tafiyar kusan minti ashirin a keke. In Baba ya faɗi ne a hanyar zuwa kuma nan take aka ɗauke shi, wa ya kai wurin ƙosai? In kuma a hanyar dawowa ne, ina nawa ƙullin? Na duba jakarsa daga baya. Famfo, faci, sifana biyu. Babu ko ɗigon mai.

Da yamma aka kawo kayansa a leda aka ajiye a ɗakin Mama. Gidan ya cika da mutane, ba wanda ya kula da ni, sai na buɗe. Bayan rigar duk ƙarangiya ce, daga wuya har ƙasa, ga danshi. A aljihun gaba akwai dabino uku da yake tafiya da su, kiyashi ya yi layi a kansu, wasu har sun shige ciki. Na zauna ina kallonsu. Kiyashi ba ya gano dabino a aljihun mutum cikin minti biyu.

Ranar sadakar uku na ga wani dogon mutum da ban sani ba. Ya fi kowa kuka, ya kuma riga kowa tashi. Na ji ana cewa surukin Baba Sabo ne daga Keana. Me ya haɗa shi da Babana har yake irin wannan kuka? Washegari Baba Sabo ya turo keken da kansa har tsakar gida. An wanke shi tas, an goge wayoyin taya, an sa wa kaca sabon mai. Mata suka yi ta cewa Allah ya saka masa da alheri. Ni kuwa cewa na yi a raina, wa ke wanke keken mamaci in ba wanda ke son goge wani abu ba?

Daga nan na shiga zargin kowa. Na yi tunanin ko ɗayansu ne ya buge shi ta gefe. Na yi tunanin ko faɗa aka yi a hanya. Na yi tunanin ko dogon baƙon nan ne, aka rufa masa asiri saboda surukin Alhaji ne. Duk sallah Baba Sabo na aiko mana da atamfa, Mama ta yi godiya ta ɗinka, ni in ninke tawa in sa a ƙasan akwati. Na lura in yana gaishe ni bangon bayana yake kallo. Baba Luka kuwa in ya hango ni a titi sai ya tuna yana da abin saye a ɗaya hannun. Ranar Asabar nakan ji su suna wucewa ta bakin unguwarmu, ina kwance ina ƙirga ƙarar tayoyinsu, ina jin haushin yadda suke ci gaba da hawa kamar ba abin da ya faru.

Ban gaya wa Mama ba. Sau da yawa na buɗe baki, sai in tuna yadda take faɗin "yana cikin mutanensa", tana gyara ɗankwali, muryarta na daidaita. Na ga a kan maganar nan take tsaye. In na janye ta, ban san a kan me za ta tsaya ba.

Watan jiya Baba Sabo ya yi sallama a gidanmu bayan la'asar. Ya ce ƙungiyar ta girma, sun haura talatin, har da samari masu hular kwano da kekuna marasa nauyi. Suna so su yi hawan tunawa da Malam tunda shekara biyar ta cika, kuma suna roƙon a ba su aron kekensa ya bi ƙarshen layi kamar da.

"Alhaji, ai ba nawa ba ne," in ji Mama. "Tun yana raye yake cewa keken Uwata ne. Ga ta nan, tambaye ta."

Ya juyo wajena, idonsa a kan randar da ke gefena. "'Yar Malam, me kika ce?"

Na ce, "Sai na yi tunani, Baba."

Mama ta kalle ni da mamaki, domin ban taɓa ce wa babba haka ba. Amma na riga na yanke a raina cewa keken nan ba zai sake taka hanyar Assakio ba sai na san abin da ya faru a kanta.

Bayan kwana biyu, da aka tashi daga makaranta, na sauka daga keke-napep tun kafin unguwarmu na nufi gidan Baba Luka. Na same shi a ƙofar gida, ya tsoma tiyub ɗin keke a bahon ruwa yana neman inda ya huje. Hausarsa irin ta yawancin mutanen garinmu ce, ba ruwanta da bambanta mace da namiji.

"Baba Luka, ina wuni."

"A'a, yarinyan Malam! Ka girma fa. Yaya Mama? Zauna mana, ga benci."

Ban zauna ba. Na san in na zauna ba zan iya ba. Na ce, "Baba, ranar da Babana ya faɗi, ƙosan da ke aljihunka a asibiti, a ina ka saya?"

Hannunsa ya tsaya a cikin ruwan. Kumfa na tasowa daga hujin, ƙanana, ɗaya bayan ɗaya, yana kallonsu bai sa alama ba.

"Ka gani ashe," ya ce.

"Na gani."

Ya fitar da tiyub ɗin ya ajiye a ƙasa, ya goge hannu a wando. "Ranan nan mu goma ne, yarinya na. Ba tara ba."

Ya ce surukin Baba Sabo ya zo daga Keana ya kwana, da asuba ya ce shi ma zai bi su. Aka ara masa keke. Babana ne ya ciro wata ƙararrawa daga jakarsa ya ɗaura masa, ya nuna masa yadda ake yi, ya sa shi a tsakiyar layi don kada ya gaji a bar shi. Dab da gada wata tifa ta zo ta bayansu da gudu, ta matse su har sai da kowa ya sauka gefen kwalta. Da ta wuce suka haye gadar, Baba Sabo ya buga. Ɗaya, biyu, har tara. Shekara da shekaru kunnensa ya saba da tara. Ya ji tara, ya taka feda.

"Ni ne na taran," in ji Baba Luka. "Ni ne a gaban shi. Ni ya kamata in ji babu komai a baya na. Amma tifan nan ya cika mini kunne, na buga nawa, na ɗauka na ji na Malam. Wurin na biyu, tara. Wurin na uku, tara. Kuma shi ya ce kada a juya, ba mu juya ba."

Da suka isa rumfar ƙosai ba su gan shi ba, sai suka ce ya tsaya gyaran wani abu ne, ai shi ne mai gyara. Suka saya, wasu har sun fara ci. Maman Talatu ce ta ce, "Ina Malam? Ga na 'yarsa na ware." Nan Baba Sabo ya ɗaga kai ya ƙirga fuskoki, ya ga tara har da baƙo. Baba Luka ya cusa ƙullinsa a aljihu suka juya da gudu. A cikin ciyawa suka same shi, ƙasa da gadar, keken na kwance a ruwan taɓo. Yana numfashi amma ba ya magana. Tsakanin faɗuwarsa da samunsa an yi abin da ya kai minti arba'in.

"Tifar ce ta buge shi?"

"Ba wanda ya gani. Ko ya taɓa shi, ko iskan shi ne ya ture shi, ko ya kauce ne ƙasa ya zame. Allah kaɗai ya gani."

"Da kun juyo da wuri, da ya rayu?"

"Shekara biyar ina tambayan nan. Ban sani ba."

Ya ce ba su shirya ƙarya ba. A ƙofar asibiti Mama ta tare Baba Sabo, abin da ta fara tambaya shi ne, "Kuna tare da shi?" Ya ce, "Muna tare da shi." Daga nan ba wanda ya iya janyewa. Keken kuwa taɓo ya rufe shi har sirdi, Baba Sabo ya ce ba zai iya kai shi gidan Malam a haka ba, ya wanke shi da hannunsa.

Na tafi gida da ƙafa ranar. Shekara biyar ina shirin tsanar wanda ya kashe mini uba, sai ga shi abin da na samu dattawa ne da suka ƙirga har tara. Amma wanda ya daɗe yana zargi ba ya ajiye shi a wuni ɗaya. Na ce a raina, wa ya san ko wannan ma shiri ne? Washegari na biya ta shagon Baba Sabo, ban gaya masa na ga kowa ba. Na jira har mai sayen atamfa ta fita, sannan na ce, "Baba, ku nawa ne ranar?"

Karo na farko cikin shekara biyar ya dube ni ido cikin ido. Ya ajiye almakashin da ke hannunsa a hankali. "Goma," ya ce. Sai ya ba ni labarin tun daga mangwaro har asibiti, bai bambanta da na Baba Luka ba sai a wuri ɗaya: kowannensu cewa yake laifin nasa ne.

Na ce, "Zan ba da keken. Amma sai kun gaya wa Mama da bakinku."

Ina faɗin haka tsoro ya kama ni. Abin da na kare shekara biyar, ga shi ni da kaina na aika a rushe.

Sun zo su biyu ranar Alhamis da yamma. Mama na zaune a tabarma tana ɓare agushi. Baba Sabo ya cire hula ya riƙe a hannu, ya fara magana, ya sarƙe, Baba Luka ya karɓa, shi ma ya sarƙe, a haka dai suka kai ƙarshe. Ni ina tsaye a bakin ƙofar ɗaki, idona a kan yatsunta. Ba su daina ɓara ba.

"Alhaji," ta ce, "ni na wanke rigar nan. Ƙarangiyar ɗaya bayan ɗaya na cire ta da yatsuna. Kana tsammanin ban san rigar mutumin da ya daɗe a kwance ba?"

Baba Sabo ya buɗe baki. "To, Maman Hajara, me ya sa duk shekarun nan kike cewa..."

"Saboda waccan," ta ce, ta nuna ni da haɓa ba tare da ta juyo ba. "Duk mai shigowa gaisuwa, tana bayan ƙofa tana saurare. In ce mata ubanta ya kwanta shi kaɗai a cikin ciyawa?"

Na zauna a dokin ƙofa. Ashe ni ina riƙe bakina saboda ita, ita tana riƙe nata saboda ni, a ɗaki ɗaya, a kan tabarma ɗaya, shekara biyar.

Mama ta kaɗe ɓawon agushin daga zaninta. "Barin da kuka yi masa kuskure ne, kuma kwanansa ne ya ƙare, na yafe tun tuni. Ƙaryar kuwa, Alhaji, ni na tambaya kai ka amsa. Wannan sai ka ɗan ba ni kwana biyu."

"Ko shekara ce, Hajiya," in ji shi.

"Kuma ka daina aiko wa yarinyar nan atamfa mai ruwan ƙasa. Ba ta sa ko ɗaya ba, suna ƙasan akwati."

Ban san ta sani ba. Har Baba Luka sai da ya yi dariya yana share ido.

Na yi ta tunanin abin da Baba zai ce game da wannan duka. Na tabbata ba zai nemi mai laifi ba. Zai ɗauki tsarin nasa ya buɗe bayansa kamar agogo, ya duba da ƙaramin gilashinsa, ya nuna inda haƙorin ya karye. Ya tanadi wanda zai kula da kowa, amma bai tanadi wanda zai kula da na ƙarshe ba, domin shi ne na ƙarshen, kuma bai saba sa kansa cikin waɗanda ake kula da su ba. Zai yi murna da samarin nan masu hular kwano, ko da yake zai yi musu faɗan latsa waya a kan keke. Tifofin kuwa suna nan yadda ya bar su, sun ma ƙaru. Har yau in ɗaya ta matse keke-napep ɗin da nake ciki sai in bi fuskar direban da kallo, in ce ko shi ne. Wannan zargin ban san ranar da zai bar ni ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa ya tafi ba.

Asabar ɗin da ta wuce aka yi hawan. Baba Luka ne ya hau keken Baba, ya cusa ƙafar wandonsa cikin safa ba tare da kowa ya ce ya yi ba. Na roƙi wani maƙwabcinmu mai keke-napep ya ɗauke mu ni da Mama, na ce masa kada ya wuce kowa, ya tsaya a bayan na ƙarshe komai jinkirinsa. Ya yi ta mita cewa man da yake ƙonawa a wannan tafiyar hawainiya ya isa kai shi Keana, amma bai wuce ba. Da aka haye gadar sai na ga duk sun tsaya, kowa ya sa ƙafa a ƙasa ya juyo, Baba Sabo na kiran suna ɗaya bayan ɗaya, mai sunan na ɗaga hannu. Ashe tun Asabar ɗin da ta biyo bayan rasuwar haka suke yi. Da aka gama, Baba Luka ya buga ƙararrawar Baba sau ɗaya. Mama ta juyar da kai tana kallon ciyawar gefen gada.

Baba bai bar mana gida na biyu ba, bai bar gona ba. Shagon ma wani ya karɓa yana sayar da cajar waya. Abin da ya bari shi ne mutum talatin da huɗu da ke tsayawa a bakin wata gada su kira sunan juna, da 'ya guda da ba ta iya shiga mota ko fita daga aji ba tare da ta duba wa aka bari a baya ba. Na ƙirga su a gindin mangwaro, na ƙirga su a gada, kuma ban dogara da kiran sunan Baba Sabo ba, da idona na yi.

A rumfar ƙosai Maman Talatu ta dube ni ta ce, "Ke ce 'yar Malam? Goshin nan nasa ne." Ta yage takarda, ta zuba, ta murɗe kusurwa ta ƙulle yaji, ta miƙo mini da zafinsa. Na riƙe shi yana ƙona mini tafin hannu. Ban buɗe ba sai da na ga Baba Luka ya sauka, ya jingine keken a jikin rumfar, ya zauna a benci cikin mutane.

Allah ya jiƙan Malam Isiyaku, ya haskaka makwancinsa, ya sa kada a bar shi a baya ranar da za a kira kowa da sunansa.